Ranar da Mak Dang Ya Miƙe Magana

In ka hau ƙauyenmu, can saman tudun da ke kallon tafki, ka tambayi wanda ya fi kowa iya magana, har yau sunan kawuna za a ba ka, ko da yake ya daina buɗe baki a taro. Sunansa Nazwir, amma mu 'ya'yan ƙanwarsa Mak Dang muke ce masa, don shi ne babban wan uwarmu. Sana'arsa ɓare kirfa. Tafin hannunsa kullum ja ne, ƙamshin itacen kuma ya kama rigunansa har wanki ba ya fitar da shi. Siriri ne, mai sanyin tafiya, kuma tun da nake ban taɓa ganin ya amsa tambaya ba sai ya gyara zaman hularsa tukuna.

Yana saurayi ya tafi birnin Medan tallan yadi, kamar yadda samarinmu ke fita nema. Bai yi arziki ba. Amak, wato uwata, takan ce ai dole ne, mutumin da zai cinye rabin wuni yana nuna wa mai saye cewa tayinsa bai kai ba, alhali kalmar "albarka" kaɗai ta isa, ina zai ga riba? A gabansa take faɗa, ta ƙara da cewa, "Uda," wato yaya, "kai dai Allah ya yi ka da dogon zance." Shi kuma sai ya yi murmushi ya miƙa mata kofi ta ƙara masa gahawa. A duk duniya ita kaɗai ce ke yi masa magana gatsal, kuma na lura yana jin daɗin hakan.

Da ya dawo gida sai ya zama bakin danginmu. In ana biki, shi ke tashi ya roƙi baƙi su sa hannu a abinci, bakin ɗaya ɓangaren ya amsa, shi ya mayar, a yi ta kai da kawowa cikin ladabi har man da ke kan nama ya daskare. Mun sha cin shinkafa da sanyi saboda Mak Dang. Amma auren da ya shiga tsakani ba ya lalacewa a wurin magana, rikicin iyakar gona kuma in ya zauna a kansa, kowa kan tashi yana ganin shi ne ya yi nasara.

Shi ya koya mini hanyoyin magana, ran da na ce wa kakata ta matsa in wuce. Ya zaunar da ni a matakalar gida, ya ce harshe kamar ƙauyen nan yake, babu inda za ka ba tare da ka san ko hawa kake ko gangara ba. Wadda ake yi wa manya ita ce maganar hawa, a hankali, ana ajiye numfashi. Wadda ake yi wa na ƙasa maganar gangara ce, mai sauƙi, amma wanda ya sake ta da gudu sai ya take wani. Tsakanin tsara da tsara maganar fili ce, a yi wasa a yi zagi a wuce. Sai ta ƙarshe, wadda ya fi ƙauna, malereang, wato bin gefen tudu. Ita ake yi wa surukai, kuma ba a taɓa miƙe ta. Na ce masa ai habaici ke nan. Ransa ya ɓaci sosai. Ya ce mai habaici so yake a ji ciwo, jama'a kuma su ga an ji. Mai maganar gefe kuwa so yake a gyara, a kuma bar wa mutum damar ya nuna kamar shi ya ga dama da kansa.

Surukin da ya fi shan maganar gefen Mak Dang shi ne ubana. Gidanmu na Amak ne, yadda ya kasance na uwarta. Apak, wato ubana, shigowa ya yi da akwatinsa ranar aure, kamar kowane miji, kuma tun daga ranar babu mai kiransa sai da laƙabin da danginsa suka naɗa masa, Sutan Palimo. Sunansa na yanka, Yusrizal, a bakin tsohuwarsa kaɗai na taɓa jin sa. Direba ne. Yana da ƙaramar bas mai ruwan ganye wadda ke kwasar mutane daga ƙofar masallacinmu zuwa kasuwar bakin tafki, ta hanyar nan mai kwana a kan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun.

Akwai labarin da kowa ya sani a gidanmu. Lokacin da kakata ke jinya, Apak kan tayar da motarsa da sassafe daidai ƙarƙashin tagarta, ya yi ta ba ta wuta don ta yi zafi. Babu mai iya ce masa komai. Wata safiya Mak Dang ya zo, ya gaisa da Apak, sannan ya sunkuya ya kama zakaran gidan. Ya riƙe shi a hammata yana shafa masa wuya, ya ce, "Kai zakara, muryarka da daɗi, amma mai gidan nan ba ta da lafiya. Ka riƙa yin cararka daga can gangare." Ya kai shi can ƙasan lambu ya sake. Washegari Apak ya saki birki, motar ta silale shiru har ta wuce masallaci kafin ya kunna ta, kuma haka ya ci gaba da yi har kakata ta rasu. Ba su taɓa tayar da zancen ba. Mutanen nan biyu suna girmama juna ƙwarai, kowa ya san hannun kowa.

Na riga na yi aure, mijina yana aiki a Pekanbaru, ina goyon 'yata Rahmi, lokacin da na fara ganin abin da ba na son gani. Apak ya miƙa hannu zai ɗauki kofi sai ya kama iska. Ya yi wa wani kututturen ayaba sallama da magariba. In mutum ya shigo, ba ya ambaton sunansa sai ya yi magana. Sai kuma Amak ta tsiri zuwa kasuwa kullum, ita da sai ranar babbar kasuwa take sauka da soyayyen rogonta. Takan ɗauki kwano, wani lokaci babu komai a ciki, ta zauna gaba kusa da shi.

Mak Dang ya shiga motar sau ɗaya, ya zauna bayansu, ya sauko fuskarsa ta sauya. Ni ya fara gaya wa. Ya ce in akwai abu a kan hanya, Amak tari take yi. In motar ta matsa bakin rami, sai ta ƙwanƙwasa murfin kwano. Sauran kuwa Apak da ka yake tuƙawa, don shekarun da ya yi yana bin hanyar sun fi nawa a duniya. Matan ƙauyenmu, da 'yan makaranta, da tsofaffi masu zuwa asibiti, duk suna sauka tudun nan ne a kan tarin uwata.

Na gwada tawa maganar hawan. Na ce wa Apak ko lokaci bai yi ba da zai huta, mu ma mu ci ladan ciyar da shi. Ya tambaye ni ko aiki ne ya yi mini kaɗan a gida. Na je wa Amak, ta ce in kula da goyona. Saura Mak Dang, kuma shi hannunsa a ɗaure yake fiye da na kowa. In wan mace ya miƙe wa mijinta magana, ya kore shi ke nan. Mijin zai ɗauki hularsa ya koma gidan danginsa, kuma ba kowane yaji ne biko ke gyarawa ba. Mak Dang ya san wannan sarai. Ya san kuma Amak tana son mijinta irin son da ba a cika gani ga masu furfura ba.

Sai ya bi gefe, yadda ya saba. Ya zo wata la'asar ya zauna a baranda, aka kawo gahawa da soyayyar ayaba. Ya yi ta murza idonsa, ya ce shi dai kwanan nan zare ba ya shiga masa allura, yana so ya ga likitan ido a Bukittinggi, amma tsoron wurin yake shi kaɗai. Ko Sutan zai taimaka ya raka shi, su shiga tare, ko ya sami ƙarfin zuciya? Apak ya ce wannan ai ƙaramin abu ne. Zai kai shi har ƙofar asibitin, ya jira shi a mota, don ba a barin mota ita kaɗai a birni. Ina daga ciki ina jin su.

Bayan kwanaki ya sake dawowa. Wannan karon zancen tsohuwar ɓaunarsa ta noma ya kawo. Ya ce ta yi masa aiki tun ƙarfinta, yanzu ta fara tuntuɓe a kunya, ya yanke shawarar ya cire mata karkiya ta ci ciyawa a inuwa, don ta cancanta. Apak ya kurɓi gahawa, ya ajiye kofin a hankali yana laluben gefen faranti da ɗan yatsa.

"Dabbar da ta saba da gona, Mak Dang, ko da ido rufe ta san kunyarta," in ji shi. "Ran da aka ɗaure ta a inuwa kuwa, mahauta ne ke fara zuwa gaishe ta."

Mak Dang ya gyara hularsa, ya shanye gahawarsa, ya yi sallama. Apak ya gane komai, tun daga zancen allura. Matsalar maganar gefe ke nan: ƙofar da ka bar wa mutum don ya fita da mutuncinsa, ta nan zai iya fita ya bar ka da zancenka. Raina ya ɓaci da su duka biyun. Manyan mutane suna ta jifan juna da ɓauna da allura cikin ladabi, gobe kuma mota za ta sauka cike da mutane.

Ana cikin haka bikin ɗan Etek Jusna maƙwabciyarmu ya zo. Matan unguwa za su kai tirarrukan abinci gidan amarya a bakin tafki, kuma motar Apak aka ɗauka. Ana gobe biki Amak ta zame a kan dutsen wanki, idon sawunta ya kumbura har ba ta iya taka matakala. Da safe aka wayi gari da yayyafi, gajimare ya sauko ya kwanta a kan hanya, ko bishiyar ƙofar gida da ƙyar ake gani.

Amak ta kira sunana, Des, na shiga ɗakinta, ta sa na tura ƙofa. Ta miƙo mini kwanon nan. Ta fara koya mini inda zan yi tari da inda zan ƙwanƙwasa, muryarta ƙasa-ƙasa, kamar tana koya mini haɗin miya. Na ajiye kwanon a kan gado.

"Amak, so kike in ɗauki 'yata in shiga motar wanda ba ya gani?"

"Ubanki ya san hanyar nan kamar yunwar cikinsa," in ji ta. "Ido kawai za ki ara masa na yau. Des, in ya sauka daga motar nan, daga gidan nan zai sauka. Kin ji ko ba ki ji ba?"

Na ji. Na goya Rahmi, na fita ta ƙofar baya, na nufi gidan matar Mak Dang da sauri har ina zamewa. Na same shi yana tattara ɓawon kirfa daga inda ruwa ke bugu. Na faɗa masa komai a tsaye. Na kuma ce masa, ba da muryar hawa ba, in yau ma zancen ɓauna zai yi, gara ya zauna abinsa. Bai tsawata mini ba. Ya wanke hannu, ya sa baƙar rigarsa ta taro, muka fito.

Mun tarar da motar a ƙofar masallaci, ta cika. Mata sun sha ado, kowace da tire a cinya an lulluɓe da ƙyalle mai zare na zinariya, yara a tsakankaninsu. Etek Jusna tana ta mita cewa za a ce dangin ango ba su san lokaci ba. Apak na zaune a mazauninsa, hannu a kan sitiyari, kujerar gefensa babu kowa.

Mak Dang ya matsa jikin taga ya yi sallama. Ya ce yau gajimare ya yi nauyi, shi kansa sai da ya kusa karo da katangar masallaci. Ya ce akwai direban nan na ƙauyen sama da ke zaune babu aiki yau, mai zai hana a kira shi ya kama sitiyari, Sutan ya zauna gefensa ya koya masa hanya, ko ya ƙaru da manya? Wallahi ban taɓa jin an shimfiɗa wa mutum hanyar fita mai kyau irin wannan ba.

"Gajimaren garinmu ne, Mak Dang, mun saba da juna," in ji Apak. Sai ya ɗaga murya kaɗan. "Des, shigo gaba, mutane na jira."

Ban motsa ba. Ya sake kira, na yi shiru, ina tsaye taku kaɗan daga gare shi, Rahmi tana motsi a bayana. Etek Jusna ta ce a tafi kawai, Des ta biyo wata motar. Apak ya murɗa makulli, injin ya kama.

Mak Dang ya bar jikin tagar, ya zagaya ya tsaya a gaban motar, tsakiyar hanya, cikin baƙar rigarsa, hannuwansa a baya. Na gane abin da yake nufi. Wannan ita ce maganar gefensa ta ƙarshe, wadda ba ta da kalma ko ɗaya. Duk direban da ya ga wan matarsa tsaye a gabansa zai kashe mota ya sauko, daga baya a ce gaisawa suka tsaya yi.

Apak ya saki birki. Motar ta taho ta bugi Mak Dang a cinya, ya yi baya taga-taga ya dafa gilashi. Matan suka sa salati, wani tire ya kife. Apak ya taka birki yana tambayar mene ne, akuya ce?

Mak Dang ya miƙe tsaye. Hularsa ta faɗi a cikin taɓo, bai ko dube ta ba.

"Yusrizal," ya ce. "Kashe motar nan. Ba ka gani."

An kira magidanci da sunan yankansa a gaban matan unguwar matarsa. Apak ya tambaya, a hankali, wa ke magana. Ya san muryar sarai. Dama ce ya ba shi ya janye, ya ce da wani yake, ya mayar da zancen gefe.

"Ni ne, Nazwir. Ga ni tsaye a gabanka ka buge ni. Idonka ya tafi, kuma ba za ka gangara da matan nan ba."

Apak ya kashe motar. Ya zare makulli ya ajiye a kan kujerar da Amak ke zama. Ya sauko, ya ba matan haƙuri bisa ɓata musu lokaci, sannan ya kama hanyar unguwar danginsa, yana bin shingen masallaci da hannu. Na bi shi ina kiran Apak, ya ce in koma, yarinya za ta jiƙe. Direban ƙauyen sama ne ya kai matan biki.

Daga baya ƙanwar Apak ta kai shi Bukittinggi, likita ya ce ciwon suga ya riga ya cinye idon, saura ɗan haske a gefe. Mak Dang ya je biko yadda al'ada ta ce, da ganyen taunawa da muke kai wa manya a tire da dattawa biyu a bayansa. Ya koma, ya sake komawa. Kowane zuwa Apak kan karɓe shi da girmamawa, a sha gahawa, a yi zancen farashin kirfa. A zuwan ƙarshe ina wurin. Da za a tashi, Apak ya ce, "Gaskiya ka faɗa, Mak Dang, ban riƙe ka da komai ba. Amma matakalar gidan nan, ƙafata ba za ta iya hawanta ba kuma." Har yau yana ɗakin baya a gidan ƙanwarsa. Ni ke kai masa abincin da Amak ta dafa, yana ci, ba ya tambayar wa ya dafa.

Ni dai na gaya wa Mak Dang a fili cewa ya yi daidai, kuma ina faɗa har gobe. Rahmi tana makaranta yanzu. Duk matan da ke cikin motar nan suna nan da ransu, har da masu cewa ai da ya bi a hankali. Wane a hankali ne bai bi ba? Amma tun ranar bai ƙara tashi a taro ba. Ya ce bakin da ya kira suruki da sunan yanka bai dace ya roƙi baƙi su ci abinci ba.

Amak kuwa ba ta ce masa komai ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Na so ta zage shi yadda ta saba, ta ce masa mai dogon zance, ta yi kuka, a wuce wurin. Da sallah ta zo, ya hau gidan da aka haife shi don gaisuwa. Ta shimfiɗa masa sabuwar tabarma a wurin da baƙi ke zama, ta kawo gahawa a kofin da ake ajiyewa cikin kabad. Ya kira ta da sunanta ya ce, "Niar, ya ƙafar?" Ta ce da sauƙi.

Zakaranmu ya hau matakala ya tsaya a bakin ƙofa. Amak ta juya ta dube shi, ta yi magana da murya mai taushi, irin wadda ban taɓa jin ta yi wa wanta ba.

"Kai zakara, muryarka da daɗi, amma mai gidan nan ba ta da lafiya. Ka riƙa yin cararka daga can gangare."

Mak Dang ya shanye gahawarsa, don ba a barin kofin mai gida da saura. Ya gode, ya gyara hularsa, ya sauka ya sa takalmi. Tun daga ranar, in ya kawo mata kirfa ko sabuwar shinkafa, a ƙasan lambu yake tsayawa ya kira ni in karɓa.